Famfon da Ya Nuna Gubar Wake

Ku matso kusa, 'ya'yana. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, kuma ku za ku yanke hukunci.

Shekarar da muka ci waken da aka adana da maganin ƙwari, ɗana Habibu ya rasu. Ƙanensa Mudassir yana kwance a asibiti. Likita ya ce, "Baba, sai mun san irin gubar kafin mu san maganinta." Na ɗauki ragowar waken zuwa ɗakin bincike na jami'a.

Iyakata firamare, amma na ga ikon Allah. Akwai na'urar da ake tura ruwan abu ta cikin wani siririn bututu mai cike da gari, kowane sinadari ya fito shi kaɗai, ya nuna kansa a wani layi da ke kan allo. Sai dai famfonta ya mutu, ga wasu famfuna uku a ajiye, ga mata uku masana a kansu.

Dakta Barira ta fara ture wanda kowa ya miƙa wa hannu, mai matsa tiyon roba. Ta ce ba shi da ƙarfin ratsa wannan gari, a nan za mu wuni ba ɗigo.

Injiniya Ladidi ta kunna sauran biyun, ta tsura wa allurar awo ido. Na farko sabo ne fil, amma yana tura ruwa yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. Ta ce, "Wannan zai ɓoye mana gubar cikin rawar layi." Ta ɗauki tsohon, mai fistin biyu, wato sandunan tura ruwa, ɗaya na ja ɗaya na turawa.

Aka haɗa shi, aka tura ruwan waken, layin da ke kan allo ya ƙi nutsuwa. Malama Saude ta durƙusa tana bin tiyo da ido, har ta gano kumfar iska da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta zuƙe ta da sirinji.

Layin ya kwanta. Can sai ya miƙe tsaye kamar tsinin mashi. Dakta Barira ta ce, "Baba, ga abin da ya kashe ɗanka." Aka kira likita a waya aka faɗa masa sunan gubar, Mudassir ya rayu.

Yanzu matarsa ta haifi mace, ya ce in zaɓa mata suna cikin ukun nan. Jibi ne suna.

To, a cikinsu wace ce ta cancanci a yi mata takwara?