Taɓaryar Ladidi da Uwar Tafki

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, kunnuwanmu a buɗe.

To ku matso. Kai Jatau, in ka sake katse ni yau, tashi zan yi in bar ku da sauro.

Wani gari ne ana ce masa Hanzari. Mutanen garin akwai saurin baki. Kafin ka gama gaishe su, sun amsa sun yi gaba. A garin akwai wata yarinya, Ladidi, mai in'ina. Magana fal cikinta, amma in ta zo fita sai ta tirje. A aike ta sayen gishiri, tana "gi... gi...", sai mai tebur ya miƙo mata giginya ya ce ta ba mutane wuri. Yara su bi ta suna kwaikwayonta. Abin ya yi ta ci mata rai, har ta daina buɗe baki a waje.

Mutum ɗaya ke jiran maganarta a duniya: kakarta, Iya Tabawa, tsohuwar da ƙafa ta daina ɗaukarta. Iya ta lura in Ladidi tana daka tana 'yar waƙarta, harshen ba ya sarƙewa. Sai ta ba ta tsohuwar taɓaryarta, ta ce, "Jikalle, kar ki kori magana. Bugu ɗaya, kalma ɗaya. In ta tsaya ki ja numfashi. Ni ba inda za ni."

Kullum da hantsi haka suke yi. Dum, kalma. Dum, kalma. In'inar ba ta tafi ba, amma tsoron ya fara raguwa.

To, garin nan tafki ɗaya gare su, kuma a cikinsa Uwar Tafki take zaune. Shekara bakwai ruwan yana ja baya, yana ja baya, har ya koma ɗan kwatami da taɓo. Sarki ya sa aka yi shela: in kasuwa uku ta ci ruwa bai dawo ba, gari zai tashi. Inda za a koma tafiyar kwana tara ce a ƙasa. Iya Tabawa ta ce ita kam a bar ta a ɗakinta, ba ta kaiwa. A kunnen Ladidi ta faɗi haka.

Al'adarsu, in ruwa ya yi wuya, a je bakin tafki a tambayi Uwar Tafki abin da take so. Aka tura sanƙiran sarki. Ya yi kira, taɓo ya tsage, ta taso. Kanta ya wuce giginya, gashinta duk gansakuka, kifaye na iyo a cikin idanunta. Ta buɗe baki ta ce, "Ku... ku... ku..." Sanƙira ya yi caraf ya ce ya gane, rago take so. Aka kawo rago. Ta dube su, ta nutse. Ruwa ya ƙara ja.

Kasuwa ta biyu aka tura dillaliya. "Ku... ku..." Dillaliya ta ce haba, ita mace ce ta san ciwon mace, zane take so. Aka jibge zannuwa. Ta dube su, ta nutse. Ruwa ya ƙara ja.

Ana saura kwana ɗaya kasuwa ta uku, aka tura akun sarki. "Ku..." Ko ta biyu bai jira ba, ya ce kiɗa take so. Aka wuni ana kiɗa har fatar ganga ta fashe. Ta nutse. Mata suka fara ɗaure kaya.

Ladidi tana cikin taron ran nan. Kowa tsayin Uwar Tafki yake kallo, ita kuwa bakinta ta kalla. Ta ga haɓa tana rawa, ido yana rufewa, jijiyar wuya ta miƙe. Ta san wannan ciwon, nata ne. Ta sheƙa gida ta gaya wa Iya, bugu ɗaya kalma ɗaya. Iya ta ce to me take jira.

Washegari da hantsi Ladidi ta ɗora turmi a ka, taɓarya a hannu. Mutane suka biyo ta suna dariya, wai mai baki ma ya kasa balle wannan. Ta aje turmi a bakin taɓo. Dum. "Sannu." Dum. "Uwa."

Uwar Tafki ta taso, inuwarta ta rufe taron. "Ku... ku..." Bakuna ɗari suka buɗe za su ƙarasa mata. Ladidi ta juyo, ta buga turmi sau uku: "Ku. Yi. Shiru." Wallahi suka yi.

Sai ta ɗaga kai ta ce, "Bugu... ɗaya... kalma... ɗaya. Ni... ba inda... za ni."

Ta shiga daka. Dum. Dum. Iska ta tsaya, tsuntsaye suka sauko suka jeru a ƙasa. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, tafin hannun Ladidi ya yi bororo ya fashe, ba ta daina ba. Kalma ta fito, a jira. Wata ta fito, a jira. Sai da la'asar maganar ta cika:

"Ku ɗaga dutsen gindin kuka. Ya toshe idon ruwa."

Ashe ba fushi take ba! Shekara bakwai tana son ta faɗi wannan kaɗai, ba wanda ya bar ta ta kai ƙarshe. Maza arba'in suka sa kafaɗa suka ture dutsen. Ruwa ya ɓalle da ruri, fari tas, kafin ka ce me ya cika tafki har baki. Sanƙira ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ƙwaryar farko Ladidi ta kai wa Iya. Iya ta sha, ta ce a ba ta labari. Taɓarya tana can bakin tafki, an manta da ita. Ladidi ta fara haka nan, tana tirjewa, tana jan numfashi, tana ci gaba. Mutanen Hanzari kuwa sun cika ƙofar ɗakin maƙil, kuma har ta dire ba wanda ya ƙarasa mata ko kalma ɗaya.

Ƙurunƙus, kan ɗan kwaɗon bakin tafki. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saka, ba ni ba.

Kun dai ji. In yaro yana fama da magana, kar ku yi masa dariya, kar ku ƙwace masa ita a baki. Ku jira shi. Jatau, da kai nake.