Noti Mai Jan Fenti

An yi wani mutum a nan kusa da mu, wajen garin Laurel, makaniki a garejin da ake gyara taragun jirgin ƙasa na attajirai, irin waɗanda mai hali ke saye ya ƙawata kamar gida. A ƙarƙashin irin wannan tarago akwai janareto. Ƙafafun taragon ne ke juya shi ta hanyar farfela, wata sandar ƙarfe mai kaurin cinyar ƙato. Akwai kuma ƙarfen da ke tallafe da ita, don ko ta kwance kada ta faɗi.

Mutumin nan ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Shi ya kawo Desmond, mutumin Kafanchan, ya koya masa riƙon sifana. Da aka tashi naɗa shugaban gareji, sai aka ba Desmond. Daga ranar ko tuwo ya daina yi wa mutumin nan daɗi.

Desmond yana da al'ada, duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan fenti. Rannan ya gama gyaran wani tarago, ya fita cin abinci. Mutumin ya shiga ƙarƙashi, ya sassauta farfelar, ya kwance notocin ƙarfen da ke tallafe da ita, ya zuba a aljihu. Shi dai so yake a yi abin kunya a kori Desmond.

Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin mahassadin da ya yarda a ba shi labari? Sai ya gani da idonsa! Da aka fito gwajin taragon, ya je ya tsaya a bakin dogo, daidai inda jirgi ke ɗaukar gudu.

Farfelar ta faɗo, ta caki tsakuwa, ta karye. Guntun ya taso kamar an harbo shi, ya same shi a gwiwoyi. Ƙafar dama ta tsinke nan take. Ta hagu ta dagargaje, ƙashi a waje, jini na tsartuwa. Ihunsa ya danne ƙarar birki.

Wa ya fara isowa a guje? Desmond. Ya zare bel ɗinsa ya ɗaure masa cinya, yana kuka yana cewa, “Oga, kada ka rufe ido! Oga, dube ni!”

Masu motar asibiti suka sa almakashi suka yanke wandon. Sai ga notoci sun zubo a cikin jini, kowanne da ɗigon jan fenti. Desmond ya dube su, ya dubi ogansa. Bai saki bel ɗin ba.

Yau mutumin yana kan keken guragu, babu ƙafa, babu sana'a, babu mutunci. Wallahi na tausaya masa, amma wa ya yi masa? An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Hassada ba ta rage wa mai rabo komai, mai ita take ci. In ka ji ɗaukakar ɗan uwanka ta tsaya maka a wuya, yi maza ka roƙa masa ƙari.

Allah ya wanke mana zukata, ya kiyaye mu daga sharrin hannunmu. Amin.