Kwalekwalen da Aka Cika da Yashi

Dalilin da ya sa farin tsuntsun teku yake ƙwai cikin tsohon kwalekwale, zan faɗa muku, amma duk wanda ya yi surutu, na fasa.

A da, a wani ƙauyen masunta, a kan yashin gaɓa tsuntsayen nan suke ƙwai. Su ne idon masunta: inda suka taru suna shawagi, nan kifi yake. Sai zamani ya juya. Zafi ya ƙaru, teku ya riƙa cin gaɓa, kowace shekara ruwa ya kwashe ƙwan. Tsuntsaye suka ragu, taru, wato ragar kamun kifi, ya fara dawowa wayam.

Akwai wata mai bandar kifi, Tasalla, wadda aure ya kawo ta daga tudu. Ita kaji ta sani. Ta gina wa tsuntsayen akurki, ta shimfiɗa ciyawa, ta watsa tsaba. Ko kallo ba su yi ba.

Mijinta Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tasalla, saura ki ɗaura musu zare a ƙafa!"

"Yi dariyarka, maigida. Ran da suka tafi, tarunka za mu dafa."

Da la'asar uwar tsuntsayen ta sauka gabanta, ta ce, "Baiwar Allah, mun gode, amma mu ba kaji ba ne. Ba ma shiga ɗaki. Yashi muke so, da sarari a kanmu. Gobe za mu bar ƙasar nan."

"In na ɗaga muku yashin fa?"

"Ana ɗaga yashi?"

Tasalla ta dubi ruɓaɓɓen kwalekwalen da Jatau yake shirin faskarawa. Ta sa shi ya kafa gwafanni, ya ɗora shi sama. Ya yi gunaguni, amma ya kafa. Ita kuwa ta yi ta jidar yashi da ƙwarya har ta cika shi.

Uwar tsuntsayen ta taka, ta tona, ta kwanta. "Mun zauna. Za mu riƙa nuna muku kifi, ku kuma ku kawar da hannu daga ƙwanmu."

Ruwa ya zo, ya wuce ta ƙarƙashi. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, taru ya yi nauyi, Jatau ya ci ya daina dariya.

Shi ya sa har yau a ƙauyen ba a faskara tsohon kwalekwale, sama ake ɗora shi. Yaron da ya taɓa ƙwan kuwa, ranar gaya zai ci tuwonsa, ba miya.