Ciwon da Aka Ɓoye wa Dada Yelwa

Akwai wata mata a unguwar Mbamba cikin Yola mai suna Zulaihatu, a zamanin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas. Mahaifiyarta, Dada Yelwa, ta haura shekara saba'in, amma har lokacin da kanta take noma gyaɗa a bayan gida.

Wata damina tari ya kama tsohuwar ya ƙi sakinta. Zulaihatu ta kai ta asibiti a Jimeta, aka ɗauki hoton ƙirji.

Likita ya keɓe Zulaihatu da yayanta Hayatu, akawu a ofishin gwamnati, ya nuna musu wani ɗan tabo a huhun dama. Ya ce yana zargin ciwon daji ne, amma da alama bai bazu ba. In an cire wajen da wuri, akwai fatan ta rayu. Sai dai ba a yin aikin a nan, sai wani babban asibiti can kudu, kuma mai shekarunta tana iya rasuwa a wajen aikin ko bayansa.

Tun a bakin ƙofar asibiti Hayatu ya yanke hukunci. Ya ce ba za a yanka tsohuwa a ƙasar da ba ta san kowa ba, kuma kada wanda ya kuskura ya gaya mata.

"Hamma, likita ya ce akwai fata," in ji Zulaihatu ga yayan nata.

"Ni ne babba. Ta ci zamaninta, a bar ta ta cika a ɗakinta."

Zulaihatu ta bi dangi gida-gida tana roƙo. Bappanta ya ce maganar Hayatu ita ce magana. Goggonta ta ce ta yi haƙuri. Makonni suna wucewa, tari yana ƙaruwa, ita kuma tana dama wa uwarta kunu tana yi mata ƙaryar cewa sanyi ne.

Ranar da ta ga ɗigon jini a gefen zanen tsohuwar, sai Zulaihatu ta yanke shawarar daina ɓoyewa. Ta durƙusa ta faɗa mata komai, har da haɗarin, ba ta rage ko kalma ba.

Dada Yelwa ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta sa aka kira Hayatu.

"Huhun nan a ƙirjin wa yake?" ta tambaye shi. Ya sunkuyar da kai. "To mai shi ta ce za ta je. In kwana ya ƙare, ƙasar can ma ta Allah ce."

Hayatu ya fita cikin fushi, ya ce babu hannunsa. Mata biyun suka hau babbar mota zuwa Gombe, daga nan suka shiga jirgin ƙasa.

An yi aikin, an cire ɓangaren huhun. Amma bayan kwanaki zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, numfashi ya koma sama-sama, har ta daina gane 'yarta. Zulaihatu ta zauna a bakin gado ba ta jin yaren kowa, tana ta maimaita wa kanta cewa ita ce ta kawo uwarta nan ta mutu. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta gifta sai ta riƙe mata hannu tana kuka.

Wata safiya zazzaɓin ya sauka. Tsohuwar ta buɗe ido, ta nemi ruwa da Fulatanci.

Da suka dawo Yola, tsohuwar ta rame, tana tafiya tana hutawa. Hayatu, wanda ya riga ya gaya wa mutane cewa ba za ta dawo ba, ya zo ya zube a gabanta ya kasa ɗaga ido.

"Na san tsoro ne ya sa ka," in ji ta. "Amma ka yi mini makoki ina zaune ina kallonka. Tashi, na yafe."

Dada Yelwa ba ta ƙara riƙe fartanya ba, amma ta yi shekaru bayan haka, har ta goya jikan Hayatu.

Darasi: Tsufa ba hukuncin mutuwa ba ne. Kada ka yanke wa iyayenka shawara a kan rayuwarsu a bayan idonsu. Ka gaya musu gaskiya, ka bar su su zaɓa. Tarin da ya daɗe kuma a kai shi asibiti da wuri. Ku tura wa duk wanda yake da tsoho a gida.