Biza Ɗaya, Maikwano Uku

Ku gyara zama. Wannan daga Gusau na ɗauko muku ita, kuma wanda ya ba ni ba ya ƙarya sai in ta kama dole.

Inna Tabawa, matar marigayi Maikwano, 'ya'yanta uku ne maza, kuma aiki ɗaya suke yi. Wani kamfanin zanen gidaje a ƙasar waje ya ɗauki ma'aikaci ta intanet mai suna Maikwano. Kamfanin bai san Maikwanon nasa kai uku gare shi ba. Inna ta sani, tunda ita ke tuƙa musu tuwo.

Ɗanlami, babbansu, shi ke zanen. Gaisuwa da Turanci ma ba ya kai ta ƙarshe, amma in ya zauna gaban kwamfuta sai ya tayar da bene hawa goma har da inda za a rataye labule.

Murtala shi ke magana. Duk Litinin ya sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa, ya zauna gaban kyamara yana bayanin zanen da bai yi ba. Ko da rula ba ya iya jan layi miƙaƙƙe. Amma shi ya ci intabiyu, kuma sau biyu aka tashi rage ma'aikata bakinsa ya tsare musu gurbi.

Isuhu shi ne mai wuta. A unguwarsu lantarki sai ya ga dama yake leƙowa, amma shekara uku aikin bai taɓa makara ba. Shi ya haɗa sola, shi ke lallashin janareto. Ranar da sabis ya ɗauke saura awa guda a miƙa aiki, ya ɗaure waya a gora ya hau darbejiya, bai sauko ba sai da zanen ya tafi.

Ana nan sai shugabar kamfanin ta ce za ta saka wa Maikwano. Akwai wani tsibiri a tsakiyar teku, ga kwakwa ga farin yashi, inda ake ba masu aiki daga nesa bizar zaman shekara biyu in kamfaninsu ya tsaya musu. A turo fasfo. Nan Murtala ya faɗi gaskiya. Matar ta yi dariya har da tari, ta ce aikin dai yana kyau, amma takarda ɗaya ce, su cike sunan wanda suka zaɓa kafin Juma'a.

Kwana uku ba su ci a kwano ɗaya ba, abin da Inna ba ta taɓa gani ba. Ta tara su.

Ɗanlami ya ce, “Inna, in babu zane, me wannan zai buɗe baki ya faɗa?”

Murtala ya ce, “Yaya, zanenka ba ya gaisuwa. Fuskata suka sani.”

Isuhu ya tashi ya zare waya ɗaya a bango, fanka ta tsaya, kwamfuta ta mutu. Murtala ya tuna masa cewa a tsibirin ba a ɗauke wuta, don haka ba shi da aikin yi a can.

“Shi ya sa,” in ji Isuhu. “Ni ne mai bukatar hutu.”

Yau Alhamis. Inna na zaune da takardar a cinya, biro a hannu, gumi na zubo mata don har yanzu ba a mayar da fanka ba.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata ta rubuta?