Mai Duba Shaidar Raƙuma

An yi wani mutum a kasuwar bisashe ta Tanut, a shekarun da suka biyo bayan babban fari na farko. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan. Aikinsa duba shaidar raƙuma.

Ya 'yan uwa, kun san shaida ita ce adireshin raƙumi. Ta wuya tana faɗin kabila, ta cinya tana faɗin gida, tsagar kunne tana faɗin mai shi. Mutumin nan ya haddace su kaf, tun daga Gangara har Tenhya. In gardama ta tashi, shi ake kira. Ƙa'idarsa guda ce: in ukun nan sun zauna a wurarensu, sun bi juna daidai, raƙumi na wanda shaida ta nuna ne.

Amma ya san in aka ƙara layi ɗaya da ƙarfe mai zafi, shaidar wannan gida ta koma ta wancan. Shi ya riƙa nuna wa ɓarayi inda za su ƙara, suna ba shi rabonsa.

Wata rana wata tsohuwa, Raishatu, ta zo da ɗanta Aghali, ta ga taguwarta, wato raƙumarta, da aka sace. Ta kira ta, dabbar ta yi kuka, ta fizge igiya ta nufo ta. Kowa ya gani. Mutumin ya shafa wuya, ya shafa cinya, ya duba kunne, ya ce:

"Kukan raƙumi ba shaida ba ne, Inna. Fata muke dubawa."

Ta koma gida a ƙasa.

Fari na biyu ya zo. Duk abin da ya tara raƙuma ne, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Taguwa guda ta rage, nononta ke riƙe da autarsa, wadda uwarta ta rasu. Ita ma taguwar ɓarayi suka kwance ta. Ya yi nema har ya gaji.

Bayan tabon wuta ya warke, sai ga ta a kasuwa a hannun wani baƙo. Mai saye ya ce a kira mai duba shaida. Da ta ji muryarsa ta juyo, ta yi kuka. Ya dubi cinya, ya ga layin da aka ƙara, daidai inda ya saba nunawa. Aghali na cikin taron, ya zama magidanci, ya ce a hankali:

"Duba fata, Malam. Haka ka koya mana."

Me zai ce? Ya ce shaidar jabu ce, a tambaye shi yadda ya sani, ga jandarma tsaye da zai kama shi? Ya shafa cinyar. Sannan ya ce daidai ne. Aka ja ta, yana kallo.

Yarinyar ba ta ga damina ba. Bai yi kuka ba. Ya ci gaba da zuwa kasuwa yana zama a bakin shinge, ba mai kiransa, har ya mutu.

Ya 'yan uwa, abu yana iya cika kowace ƙa'ida kuma ya zama ƙarya. Wanda ya san gaskiya ya fake da tsari, da tsarin nan za a hukunta shi. Ranar hisabi fatarmu ce da kanta za ta yi magana, kuma ba wanda zai ƙara mata layi.

Allah ya kiyaye mu da shaidar zur, ya kiyaye 'ya'yanmu da alhakin hannuwanmu. Amin.