Itacen Yamina a Ƙarƙashin Bene

Akwai wani dattijo a garin Setif na ƙasar Aljeriya mai suna Buzid, tsohon direban tasi. Shekara arba'in da ɗaya ya yi da matarsa Yamina. A watan Yuni ta rasu, ta bar shi shi kaɗai a gida mai ɗaki uku. Ɗansu Nadir yana aiki a babban birni, yakan bugo waya ranar Juma'a, minti biyar ya ajiye.

Abu ɗaya mai rai Yamina ta bari a gidan, wani itacen fure da ake kira yasmin hindi. Daga Jidda ta zo da shi shekarar da suka sauke farali, ɗan guntun reshe naɗe a kallabi. Ya girma a tukunya har ya kai ƙirjin mutum, yana ba da farin fure mai rawaya a tsakiya da ƙamshi mai cika baranda.

Itacen ƙasar zafi ne, Setif kuwa ruwa daskarewa yake a famfo idan sanyi ya kama. Duk watan Nuwamba Yamina takan ce, "Buzid, kai mini tukunyar nan sito." Ya ɗauka yana mita, ya dire ta a bakin ƙofar siton da ke ƙarƙashin bene, ya wuce wurin shan gahawa. Bai taɓa tambayar me ake yi wa itacen a ciki ba.

Da Nuwamban bana ya zo, ya ɗauki tukunyar har bakin siton. Ya leƙa ya ga duhu da sanyi, sai ƙafarsa ta ƙi gaba.

Ya ce a ransa, "Na kai ɗaya cikin duhun kabari na baro ta. Ba zan kai na biyu ba."

Sai ya ajiye itacen kusa da hitar gas, daidai inda yake zama. Kullum da safe ya cika buta ya ba shi ruwa, ya zauna yana ba shi labarin wanda ya rasu a unguwa da yadda dankali ya yi tsada. Gaskiya ba shi da wani abokin hira. Ganye ya fara yin rawaya yana zuba, shi kuma ya ƙara ruwa.

Wata Juma'a Hajja Mbarka ta sauko masa da kwanon kuskus. Ita ce ke zaune a saman benen, aminiyar Yamina ce tun suna amare. Ta dubi tukunyar, ta dubi ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinta.

Ta ce, "Malam Buzid, itace kake kiwo ko kifi?"

Ya ce, "Ƙishi yake ji, ba ki ga ganyen ba?"

"Ƙishi a watan Disamba? Marigayiya ba ta ba shi ko ɗigo sai sanyi ya wuce. Ka ɗauke shi daga bakin wutar nan."

Buzid mutum ne da ba ya son a nuna masa hanya, aikin tuƙi ya bar masa wannan halin. Ya ce, "Hajja, shekara talatin ina riƙe da mota, ban taɓa barin ta babu ruwa ba."

Ta ce, "To ai wannan ba Fijo ba ce." Ta ajiye kwanon ta haye sama.

Bayan sati uku ya fara jin wani wari. Ya taɓa gindin itacen, ɗan yatsansa ya lume kamar a ruɓaɓɓiyar ayaba. Daga nan ya hau benen, abin da bai yi ba tun ranar zaman makoki, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ya ce, "Hajja, na kashe shi."

Ba ta ce na gaya maka ba. Wuƙa ta ɗauko ta biyo shi. Ta yanka gindi, baƙi. Ta yanka sama kaɗan, baƙi. Haka ta yi ta bin rassan ɗaya bayan ɗaya, sai a ƙarshen wani reshe farin ruwa ya tsattsafo kamar na tumfafiya. Abin da ya tsira bai wuce kamu ɗaya ba.

Ta ce, "Ka kai shi sito ka ɗora a kan katako. Babu ƙasa, babu ruwa, sai ƙarshen Afrilu."

Ya shiga siton ya kunna fitila. A jikin bango, saman inda gindin tukunya ya bar zagayen alama a ƙasa, ya ga rubutu da fensir, hannun Yamina, yana rawa irin na kwanakin ciwonta.

"Buzid, idan ba na nan, kada ka ba shi ruwa. Barci yake yi, bai mutu ba. Na san halinka."

Ya zauna a kan buhun gari ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Watanni huɗun nan sun fi masa komai tsawo. Dusar ƙanƙara ta rufe baranda, gida shiru. Kullum da safe hannunsa kan kai ga buta, sai ya tuna ya mayar. Ya leƙa siton ya ga reshen ya yamutse kamar busasshen kara.

Nadir ya ce a waya, "Baba, ka jefar da sandar nan, in sayo maka wani."

Ya ce, "Wanda za ka sayo bai san mahaifiyarka ba."

Ruwan da ya hana itacen, ranar Juma'a yakan zuba a gora ya kai maƙabarta ya yayyafa a kabarinta, ya yi addu'a ya dawo.

Ƙarshen Afrilu ya dasa reshen a busasshen yashi, ya fitar da shi baranda. Sati ɗaya, biyu, biyar, babu komai. A sati na shida ya ga kan reshen yana sheƙi, wasu jajayen ganye biyu ƙanana sun leƙo.

Ya shiga kicin ya wuce butar, ya ɗauko ƙaramin kofin gahawar Yamina ya zuba ruwa rabi. Ya tsiyaya a gefen tukunyar.

Ya ce, "Rabin kofi kawai, Yamina. Na ji magana."

Darasi: Ƙauna ba ta hana mutum yin ɓarna idan ya ƙi tambaya. Wani abin da muke so ba ƙarin ruwa yake buƙata ba, haƙurinmu yake buƙata, kuma shirunsa ba mutuwa ba ce. Ka saurari wanda ya fi ka sani tun gindin bai ruɓe ba. Ku tura labarin nan ga wanda kuka san yana zaman kaɗaici a yau, kuma ku bi shi da kiran waya da ya wuce minti biyar.